Boren Baharain na 2011: Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Sauyi da Rikicin Aƙida

Duk lokacin da aka tayar da zancen guguwar sauyin da ta kaɗa a ƙasashen Larabawa a 2011, Tunisiya da Masar da Libiya da Siriya ne ke fara zuwa bakin mutane, Baharain kuwa sai a ambace ta a gurguje, ko a sallame ta da cewa ai faɗan Sunni da Shi'a ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin masu son sanin abin da ya auku a wannan ƙaramar masarauta.

Wace irin ƙasa ce Baharain, kuma su wane ne ke mulkinta?

Baharain tarin tsibirai ce a Tekun Fasha, tsakanin gabashin Saudiyya da Katar, faɗinta bai kai murabba'in kilomita 800 ba, babban birninta kuma shi ne Manama. Ƙidayar 2010 ta nuna mutum kimanin miliyan 1.2 ne ke zaune a cikinta, amma 'yan ƙasa ba su kai rabin wannan adadi ba, sauran baƙi ne 'yan ci-rani, galibinsu daga Indiya da Pakistan da Bangladesh. A nan aka fara haƙo man fetur a ɓangaren Larabawa na Tekun Fasha, a 1932, kafin nan kuwa da nutson neman lu'ulu'u da noman dabino aka san mutanenta.

Gidan Al Khalifa, Larabawa mabiya Sunna, su ne suka ci tsibirin da yaƙi a 1783, sun taso daga garin Zubara da ke gaɓar Katar. Birtaniya ta riƙe ragamar tsaro da hulɗar waje tun daga ƙarni na 19 har zuwa samun 'yanci a 1971. Hamad bin Isa ya gaji mahaifinsa a 1999 da laƙabin amir, a 2002 ya koma amsa sunan sarki. Baffansa, Khalifa bin Salman, shi ne firaminista tun daga samun 'yanci har rasuwarsa a Nuwamban 2020, wato kusan shekara hamsin a kujera ɗaya ba tare da an taɓa zaɓensa ba.

Da gaske ne mabiya Shi'a sun fi yawa a ƙasar?

Haka ne, idan 'yan ƙasa kaɗai ake nufi. Rabon da hukuma ta ƙidaya mutane bisa mazhabarsu tun 1941, amma mafi yawan ƙiyasin masu bincike na sanya 'yan Shi'a tsakanin kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari. Kaso mafi girma a cikinsu su ne ake kira Baharna, Larabawa ne mazauna ƙauyuka irin su Diraz da Sanabis da Bani Jamra da tsibirin Sitra, waɗanda kakanninsu ke noma da kamun kifi a wurin tun kafin zuwan Al Khalifa. Akwai kuma Ajam, 'yan Shi'a masu asali daga Farisa, sai ɓangaren Sunni da ya ƙunshi ƙabilun da suka zo tare da gidan sarauta da kuma Huwala, waɗanda suka ƙetaro daga gaɓar Iran.

Wannan bayani yana da muhimmanci saboda zargin da ake yawan yi cewa 'yan Shi'ar Baharain Iraniyawa ne a zuci. A 1970, lokacin da Shah na Iran ke ikirarin tsibirin nasa ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika wakili ya ji ta bakin jama'a, ya kuma dawo da rahoton cewa gagarumin rinjaye, Sunni da Shi'a, ƙasar Larabawa mai cin gashin kanta suke so. Sauran bayani kan Iran yana cikin tambayar da ta shafi hannunta a boren.

Shin a 2011 aka fara irin wannan yunƙuri?

A'a, kuma wanda bai san abin da ya gabata ba zai yi mamakin yadda tituna suka cika cikin kwana biyu. A 1954, bayan wani rikici da ya ɓarke tsakanin Sunni da Shi'a a lokacin Ashurar shekarar da ta gabace ta, manyan ɓangarorin biyu suka kafa kwamiti guda mai shugabanni takwas, huɗu daga kowane ɓangare, suka nemi majalisar dokoki da gyaran kotuna da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago. A 1956 aka murƙushe kwamitin, aka tusa ƙeyar uku daga cikin jagororinsa zuwa tsibirin Saint Helena da ke tsakiyar Tekun Atlantika.

Bayan samun 'yanci an rubuta tsarin mulki a 1973, aka kuma zaɓi majalisa a Disambar shekarar, amma ba ta cika shekara biyu ba. Da 'yan majalisar, masu ra'ayin gurguzu da malaman addini baki ɗaya, suka ƙi amincewa da Dokar Tsaron Ƙasa ta 1974, wadda ta halatta tsare mutum har shekara uku ba tare da shari'a ba, sai Amir Isa bin Salman ya rushe majalisar a Agustan 1975. Shekara 27 aka yi babu zaɓaɓɓiyar majalisa. A mafi yawan wannan lokaci wani Baturen Birtaniya, Ian Henderson, wanda ya yi suna wajen yaƙar 'yan Mau Mau a Kenya, shi ke jagorantar hukumar tsaron ciki, kuma tsofaffin fursunoni da yawa sun ba da shaidar azabar da aka gana musu a zamaninsa. Daga 1994 zuwa 1999 an yi wani bore na neman a maido da majalisa, wanda ya ci rayuka kimanin arba'in.

Me ya sa aka zaɓi ranar 14 ga Fabrairu?

Saboda rana ce ta alkawarin da jama'a ke ganin an karya musu. Da Hamad ya hau mulki ya saki fursunonin siyasa, ya bar waɗanda ke gudun hijira suka dawo gida, ya soke Dokar Tsaron Ƙasa, ya kuma gabatar da wani kundi na gyaran ƙasa da aka yi wa ƙuri'ar raba-gardama a ranakun 14 da 15 ga Fabrairun 2001. Kashi 98.4 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka amince. 'Yan adawa sun goyi baya ne bayan an tabbatar musu cewa zaɓaɓɓiyar majalisa ce kaɗai za ta riƙa yin doka, wadda sarki zai naɗa kuwa shawara kawai za ta bayar. A wancan lokaci har mutanen Sitra, cibiyar boren da ya gabata, sun fito sun yi wa Hamad gagarumar tarba.

Shekara guda cif bayan haka, ranar 14 ga Fabrairun 2002, sai ya fito da sabon tsarin mulki ba tare da wata zaɓaɓɓiyar majalisa ta tattauna shi ba. A cikinsa an kafa majalisar wakilai mai kujeru 40 da jama'a ke zaɓa, da majalisar shura mai kujeru 40 da sarki ke naɗawa, kuma ikonsu na yin doka daidai yake, ga shi sarki ne ke naɗa firaminista da ministoci da alƙalai. A wannan shekarar kuma aka fitar da dokar afuwa da ta kare jami'an da ake zargi da azabtar da fursunoni daga fuskantar shari'a. Don haka da matasa suka yi kira ta Facebook a fito ranar 14 ga Fabrairun 2011, kwana uku bayan faɗuwar Hosni Mubarak a Masar, babu wanda ya buƙaci a yi masa bayanin ma'anar ranar.

Ban da tsarin mulki, mene ne koke-koken jama'a?

Na farko shi ne aikin soja da ɗan sanda, wanda kusan a rufe yake ga 'yan Shi'a, alhali ana ɗauko mutane daga Pakistan da Yaman da Jordan da Siriya ana sa musu kaki, da yawa kuma a ba su shaidar zama 'yan ƙasa da gidan zama. 'Yan adawa na kiran wannan da sunan tajnis, suna cewa dabara ce ta sauya ƙirar al'ummar ƙasar, kuma akwai 'yan Sunni da dama da su ma abin ke ci musu tuwo a ƙwarya, domin da sababbin zuwan suke gogayya wajen samun gidajen gwamnati da ake shekaru ana jira. A 2006 wani mai ba gwamnati shawara, Salah al-Bandar, ya fallasa takardun da ya ce suna nuna shirin wasu manyan jami'ai na mayar da 'yan Shi'a saniyar ware a zaɓe, aka kore shi daga ƙasar.

Na biyu shi ne rabon mazaɓu. Wata mazaɓar a arewa, inda 'yan Shi'a suka fi yawa, takan ninka wata ta kudu fiye da sau goma a yawan masu zaɓe, amma kowace kujera ɗaya gare ta. Ƙungiyar Al-Wefaq, babbar ƙungiyar adawa ta 'yan Shi'a, ta tsayar da 'yan takara 18 a zaɓen 2010 duka suka ci, duk da haka ba ta da rinjaye ko a majalisar wakilai, balle a yi zancen ta shura. Na uku shi ne filaye. A tsibirin da teku ta kewaye, masunta sun wayi gari an cike gaɓar da suke kamun kifi da yashi an gina otal-otal da rukunin gidajen masu hali. A 2006 hukuma ta toshe Google Earth na ɗan lokaci, bayan da mutane suka fara yaɗa hotunan da ke nuna faɗin fadoji da tsibiran gidan sarauta kusa da cunkoson ƙauyukansu.

Yaya abin ya fara, kuma me ya faru a Shataletalen Lu'ulu'u?

Ranar farko zanga-zangar a warwatse take cikin ƙauyuka, kuma mai yiwuwa da a haka za ta lafa, in ba don 'yan sanda sun harbe wani matashi, Ali Mushaima, a ƙauyen Daih ba. Washegari, ana ɗauko gawarsa daga asibitin Salmaniya, aka sake harbe wani, Fadhel al-Matrook, a cikin masu rakiyar jana'iza. Daga maƙabarta jama'a suka zarce zuwa wani babban shataletale a Manama, mai hasumiya a tsakiya da aka gina a 1982, wadda ke da ƙafafu shida masu lanƙwasa, kowace na wakiltar ƙasa ɗaya cikin ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Larabawan Tekun Fasha, suna tallabe da ƙwallon siminti mai siffar lu'ulu'u. Nan suka kafa tantuna, aka girka dandamalin jawabi, ana rabon shayi da abinci kyauta, mata cikin baƙaƙen abaya a gefe guda da tutar ƙasar mai ja da fari a kafaɗunsu.

Da misalin ƙarfe uku na daren 17 ga Fabrairu, mutane na barci a tantuna har da mata da yara, 'yan sanda suka far musu da barkonon tsohuwa da harsashin roba da bindigar harbin tsuntsaye mai watsa ƙananan ƙarafa, mutum huɗu suka mutu. Washegari sojoji suka buɗe wuta kan masu ƙoƙarin komawa wurin. Ranar 19 ga wata Yarima mai jiran gado, Salman bin Hamad, ya sa aka janye sojoji, jama'a suka koma shataletalen, suka zauna kusan wata guda. Ranar 22 ga Fabrairu sama da mutum 100,000 suka yi tattaki, a ƙasar da 'yan asalinta ba su kai 600,000 ba, sannan 'yan majalisar Al-Wefaq 18 suka ajiye kujerunsu.

Daren 17 ga Fabrairu ne ya sauya harshen masu zanga-zanga. Kafin shi, abin da aka fi nema shi ne sabon tsarin mulki da saukar firaminista. Bayan shi aka fara jin kiran Hamad kansa ya sauka.

To boren na 'yan Shi'a ne ko na 'yan ƙasa baki ɗaya?

Mafi yawan waɗanda suka fito 'yan Shi'a ne, wannan ba abin musu ba ne, domin su suka fi yawa kuma su wariyar da aka bayyana a tambayar koke-koke ta fi taɓawa. Amma abin da suka nema babu aƙida a cikinsa: zaɓaɓɓiyar gwamnati, majalisa mai cikakken iko, adalci a rabon mazaɓu, sakin fursunonin siyasa. Taken da ya fi tashi a kwanakin farko shi ne cewa Sunni da Shi'a 'yan'uwa ne, ƙasar nan kuma ba ta sayarwa ba ce. Ibrahim Sharif, shugaban ƙungiyar Wa'ad mai ra'ayin kishin ƙasa, ɗan Sunni ne, ya tsaya a dandamalin shataletalen ya yi jawabi, daga baya aka ɗaure shi shekara biyar. Wani tsohon hafsan soja ɗan Sunni, Muhammad al-Buflasa, ya yi kiran haɗin kai a daren 15 ga Fabrairu, aka kama shi yana barin wurin, ya yi watanni a tsare.

Sai dai tsoron da ke zukatan 'yan Sunni da yawa shi ma gaskiya ne, kuma zalunci ne a ce duk hayar su aka yi. Sun ga abin da ya biyo bayan mamayar Iraƙi a 2003, suna kuma fargabar cewa mulkin masu rinjaye zai zama mulkin malaman Shi'a. Ranar 21 ga Fabrairu dubun dubatarsu suka taru a Masallacin Al-Fatih ƙarƙashin jagorancin Sheikh Abdullatif al-Mahmud, suna goyon bayan sarauta, duk da cewa su ma sun ambaci cin hanci da tsadar rayuwa. Daga nan ƙasar ta zama tana da dandali biyu, kowane na cewa shi ne muryar al'umma.

A cikin Maris al'amari ya munana. An gwabza tsakanin matasan ɓangarorin biyu a garin Hamad ranar 3 ga wata da kuma a Jami'ar Baharain ranar 13, unguwanni suka kafa shingayen bincike da sanduna, wasu gungun matasa suka riƙa dukan baƙi 'yan Pakistan saboda ana kallon su a matsayin 'yan'uwan 'yan sanda. Gidan talabijin na gwamnati kuwa ya riƙa nuna fuskokin masu zanga-zanga yana kiran su maciya amanar ƙasa. A ganina, wariyar aƙida ta daɗe tana nan a matsayin tsarin rabon aiki da iko, amma ƙiyayyar da ta shiga tsakanin maƙwabci da maƙwabci a waɗannan makonni hura ta aka yi, kuma mafi yawan alhakin yana kan wanda ke riƙe da talabijin da bindiga da kotu.

Me ya hana a sasanta tun abin bai yi nisa ba?

An kusa. Ranar 13 ga Maris Yarima Salman ya bayyana batutuwa bakwai da ya ce a shirye yake a tattauna, ciki har da majalisa mai cikakken iko, gwamnatin da ke wakiltar ra'ayin jama'a, gyaran mazaɓu, batun tajnis da na filayen gwamnati. Al-Wefaq, ƙarƙashin Sheikh Ali Salman, ta tsaya kan cewa sai an zaɓi majalisar da za ta rubuta sabon tsarin mulki, domin ta tuna yadda alkawarin 2001 ya ƙare. Kwamitin binciken da aka kafa daga baya ya ce da an karɓi tayin, da ya iya buɗe hanyar gyara mai ma'ana.

Kowane ɓangare yana da masu tsaurin ra'ayi da suka ɗaure hannun masu neman sulhu. A ɓangaren adawa, ƙungiyoyin Haq da Wafa da wata mai mazauni a Landan sun kafa ƙawancen neman jamhuriya a farkon Maris, matasa kuma suka tare hanyar unguwar bankuna. A cikin gidan sarauta, firaminista da ministan fada da babban kwamandan soja ba sa tare da Yarima a kan sassauci. Ko da Al-Wefaq ta amsa a daren, da wuya a ce zai iya cika alkawari, tunda washegari dakarun maƙwabta suka shigo.

Me ya kawo sojojin Saudiyya cikin lamarin?

Ranar 14 ga Maris kimanin sojojin Saudiyya 1,000 da 'yan sandan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 500 suka shigo ƙasar bisa gayyatar gwamnati, ayarin motocin Saudiyya ya bi ta Gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25. Washegari sarki ya kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku, ranar 16 aka fatattaki mutane daga shataletalen, ranar 18 kuma aka rushe hasumiyar kanta. An canza wa wurin suna zuwa Mahaɗar Al-Faruq, har sulallan rabin dinari masu hoton hasumiyar an janye su daga hannun jama'a. Kwamitin bincike bai sami shaidar cewa dakarun baƙin sun taɓa masu zanga-zanga ba, aikinsu gadin muhimman wurare ne, amma zuwansu ya 'yanta hannun jami'an gida, ya kuma rufe ƙofar tattaunawa.

Dalilan Saudiyya a fili suke. Lardinta na gabas, inda rijiyoyin manta suke, nan ne 'yan Shi'arta ke zaune a Katif da Ahsa, kuma suna da dangantaka ta jini da Baharna. Sannan babu masarautar da ke son ganin maƙwabciyarta ta koma ƙarƙashin ikon zaɓaɓɓiyar majalisa. Baharain kuma ba ta da ƙarfin cewa a'a, domin mafi yawan kuɗin man da take samu daga rijiyar Abu Safa yake fitowa, wadda take rabawa da Saudiyya kuma kamfanin Aramco ke haƙowa.

Shin Iran ce ta kitsa boren?

Gwamnati ta ce haka ne, amma kwamitin da sarki ya kafa da kansa ya ce hujjojin da aka gabatar masa ba su nuna wata alaƙa tsakanin Iran da abubuwan da suka faru a Fabrairu da Maris na 2011 ba. Zargin yana da tushe a tarihi, domin a 1981 an bankaɗo yunƙurin juyin mulki na wata ƙungiya mai alaƙa da Tehran, kuma lokaci zuwa lokaci wani babba a Iran kan furta cewa Baharain lardinsu ce a da. Kafofin watsa labaran Iran ma sun rungumi boren, abin da ya cutar da masu shi fiye da yadda ya amfane su.

Bayan murƙushewar ne hannun Iran ya fito sarari. A shekarun da suka biyo baya ƙananan ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka riƙa dasa bama-bamai, ciki har da wanda ya kashe 'yan sanda uku a Daih a Maris 2014, kuma a 2018 Amurka ta sanya ƙungiyar Saraya al-Ashtar cikin jerin 'yan ta'adda bisa samun horo da makamai daga Iran. Kuskure ne a ɗauki abin da ya faru a 2014 a yi wa tantunan 2011 hukunci da shi.

Mutum nawa aka kashe, nawa aka kama, kuma wa ya tabbatar?

A Yunin 2011 Sarki Hamad ya kafa kwamitin bincike na masana shari'a biyar daga ƙasashen waje, ƙarƙashin Farfesa Sharif Bassiouni, ɗan asalin Masar. Ranar 23 ga Nuwamba ya karanta sakamakon a gaban sarki, ana nunawa a talabijin. Rahoton ya ƙirga mutum 35 da suka mutu tsakanin 14 ga Fabrairu da 15 ga Afrilu, cikinsu akwai jami'an tsaro biyar, baƙi 'yan ci-rani huɗu, da mutum biyar da azabtarwa ta kashe a tsare, ɗayansu Karim Fakhrawi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jaridar Al-Wasat. An kama mutum 2,929 ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an kori kimanin 4,500 daga aiki a ma'aikatun gwamnati da kamfanoni, an kori ko dakatar da ɗalibai sama da 500.

Rahoton ya bayyana yadda jami'ai masu rufe fuska ke fasa ƙofofi da tsakar dare, da yadda ake ɗaure wa fursunoni idanu, a yi musu duka a tafin ƙafa, a sa musu lantarki, a hana su barci, a zagi aƙidarsu, a tilasta musu sa hannu kan takardun amsa laifi. Kotun soja ta yanke wa jagorori takwas ɗaurin rai-da-rai a Yuni, sannan a Satumba ta ɗaure likitoci da ma'aikatan jinya 20 tsakanin shekara 5 zuwa 15, mafi yawansu daga asibitin Salmaniya, hukuncin da aka sassauta ko aka soke wa da yawansu daga baya. Kwamitin ya ba da shawarwari 26. An kafa ofishin karɓar ƙorafi kan 'yan sanda, an mayar da mafi yawan korarrun ma'aikata, amma ƙananan jami'ai ƙalilan kawai aka gurfanar, babu wani babba da ya amsa tuhuma.

Gaskiya ne an rushe masallatai?

Gaskiya ne. Kwamitin Bassiouni ya bincika wuraren ibada 30 na 'yan Shi'a da aka rushe tsakanin Maris da Mayu na 2011, akasarinsu masallatai, ciki har da Masallacin Amir Muhammad Barbaghi da ke A'ali, wanda ake cewa ya haura shekara 400. Hujjar gwamnati ita ce ba su da takardun izini, kuma kwamitin ya tabbatar biyar ne kaɗai ke da cikakkun takardu, amma ya ce ba a bi ƙa'idar sanarwa da umarnin kotu ba, kuma lokacin da aka zaɓa dole ya sa a ɗauki abin a matsayin horon al'umma baki ɗaya. An sake gina da yawa daga cikinsu, wasu a wani wuri dabam da na asali.

Me ya sa duniya ba ta ɗaga murya kamar yadda ta yi kan Libiya ba?

A mako guda abubuwan biyu suka faru: ranar 16 ga Maris aka share shataletalen, ranar 17 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a yi amfani da ƙarfi a Libiya. Bambancin shi ne Runduna ta Biyar ta sojojin ruwan Amurka a Baharain take da mazauni, a unguwar Juffair, Birtaniya ma ta buɗe nata sansanin a 2018. Amurka ta yi kira da a yi sulhu, ta jinkirta sayar da wasu makamai, daga baya ta ci gaba. Gasar tseren motoci ta Formula 1 da aka soke a 2011 ta dawo a 2012.

Kafofin watsa labaran yankin ma sun rabu bisa layin siyasar masu su. Tashoshin ƙasashen Tekun Fasha da suka kwana suna nuna zanga-zangar Dandalin Tahrir na Masar sun taƙaita labarin Manama, fitaccen malami Yusuf al-Qaradawi, wanda ya goyi bayan boren Masar da Libiya, ya ce na Baharain na ɓangaranci ne, tashoshin Iran kuwa suka yi ta kukan Baharain suna kare gwamnatin Siriya. Wannan rabuwar ta iso har majalisun hira a ƙasar Hausa, inda sau da yawa aƙidar mutum ce ke gaya masa wane mamaci zai yi wa juyayi, tun kafin ya ji yadda aka kashe shi.

Ina aka kwana bayan duk wannan?

Tattaunawar ƙasa da aka yi a 2011 da 2013 ba ta haifar da komai ba. 'Yan adawa sun ƙaurace wa zaɓen 2014, a Disambar shekarar aka kama Ali Salman, a 2018 kuma aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai bisa zargin yi wa Katar leƙen asiri. A 2016 kotu ta rushe Al-Wefaq, aka kuma ƙwace shaidar zama ɗan ƙasa ta babban malamin Shi'a, Sheikh Isa Qasim, wanda magoya bayansa suka yi zaman dirshan a ƙofar gidansa a Diraz kusan shekara guda, har ranar 23 ga Mayun 2017 da jami'an tsaro suka kutsa, mutum biyar suka mutu. A wannan shekarar aka rushe Wa'ad, aka rufe Al-Wasat, jarida ɗaya tilo mai zaman kanta, aka kuma zartar da hukuncin kisa kan mutum uku saboda bam ɗin Daih da aka ambata a tambayar Iran, duk da sun ce azaba ce ta sa suka amsa. Dokar 2018 ta haramta wa tsofaffin 'yan ƙungiyoyin da aka rushe tsayawa takara. Kusan mutum 1,000 aka raba da shaidar zama 'yan ƙasa tun daga 2012, kafin sarki ya mayar wa 551 tasu a 2019.

Yarima Salman ya zama firaminista a 2020 bayan rasuwar Khalifa bin Salman, shekarar da ƙasar ta ƙulla hulɗa da Isra'ila. A Agustan 2023 ɗaruruwan fursunoni a gidan yarin Jau suka shiga yajin cin abinci kan yanayin tsare su, a Afrilun 2024 kuma sarki ya yi wa fursunoni 1,584 afuwa, da yawansu na siyasa, iyalai suka cika ƙofar gidan yarin suna rungumar 'ya'yan da wasunsu tun suna samari aka kama su. Afuwar ba ta haɗa da manyan jagororin 2011 ba: Hassan Mushaima na Haq, wanda ya haura shekara saba'in, da Abdulhadi al-Khawaja mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam, da Dakta Abduljalil al-Singace, malamin jami'a mai tafiya da sanduna, wanda ya daina cin abinci mai tauri a Yulin 2021 bayan da masu gadi suka ƙwace rubutun da ya shafe shekaru yana yi a kurkuku kan karin harshen mutanen Baharain.